Lafiya Uwar Jiki: Gwiwa na ƙara, yatsu na ƙas-ƙas, yaushe ne abin damuwa?

  

Tun da hunturu ya fara kaɗawa, saƙonnin da ke shigo mana suka karkata kan magana ɗaya, wato ƙarar gaɓoɓi. Mafi yawansu daga Marwa suke, musamman 'yan uwanmu na unguwar Dugoi, sai wasu daga Garwa da Kusuri. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya ce in ya wuni zaune a shago ya miƙe da la'asar, sai gwiwoyinsa duka biyu sun yi ƙas, har yaron shagonsa ya fara yi masa sannu. Wata baiwar Allah ta rubuto a kan surukarta, wadda gwiwarta ke gurza in za ta yi sujada, har ta koma salla a zaune don tsoro, alhali ba ciwo take ji ba. Wani matashi mai motsa jiki da asuba ya ce kafaɗarsa na ƙara duk sanda ya ɗaga hannu, abokansa kuma sun ce masa ƙashinsa ne ke cinyewa. Sai wani magidanci da ya ce ya gaji da dukan ɗansa a kan jan yatsu, yana so ya san ko da gaske ne abin na kawo amosanin gaɓɓai.

To, ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Ƙarar da ba ta zo da ciwo ba, ba ta zo da kumburi ba, ba ta kuma hana gaɓa aikinta ba, galibi ba cuta ba ce, kuma ba ta bukatar ko ƙwaya ɗaya. Amma akwai ƙarar da ke zuwa da rakiya, ita ce ba a wasa da ita. Abin da ya sa muka ba maganar fili guda shi ne, mutane da yawa na yin abin a baibai: mai ƙara marar illa ya duƙufa shan magani har ya taɓa ƙodarsa, mai ciwon gaske kuma ya ce ai sanyi ne, ya zauna a gida har gaɓar ta lalace.

Me ke cikin gaɓa?

Duk wanda ya taɓa gwaguyar cinyar kaza ko ƙafar saniya ya san guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ke bakin ƙashi. Haka yake a jikinmu. Inda ƙashi biyu suka haɗu, kowanne na sanye da hular guringuntsi, don kada su gogi juna. Kewaye da su akwai wata 'yar jaka rufaffiya, a cikinta kuma akwai ruwa kaɗan mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Shi ne man gaɓa. Daga waje sai jijiyoyi, wasu na ɗaure ƙashi da ƙashi, wasu na haɗa tsoka da ƙashi kamar igiyar guga.

Abu ɗaya nake so ku riƙe a nan, don shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa daga wannan ruwan gaɓa yake samu, kuma yana samu ne kamar yadda soso ke shan ruwa: a matsa, a saki, a matsa, a saki. Wato in kana tafiya kana lanƙwasa gwiwa, ciyar da ita kake yi. In ka zauna wuri ɗaya ka hana ta motsi wai don ka tattala ta, yunwa ka bar ta da ita.

Ƙara iri uku

Ta farko ita ce ƙas ɗin nan guda ɗaya mai ƙarfi, irin ta yatsa in an ja shi, ko ta gwiwa in an miƙe bayan dogon zama. A cikin ruwan gaɓa akwai iska narkakkiya, kamar yadda take a cikin lemon kwalba kafin a buɗe. In aka ja gaɓa, fuskokin ƙashin biyu sai su riƙe juna na ɗan lokaci, sannan su rabu farat ɗaya, sai wani kumfan iska ya fito a tsakiya. Wanda ya taɓa ganin wanzami na cire ƙaho daga bayan mutum ya san irin ƙarar da abin da ya manne ke yi in ya saki.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan 'yar ƙara. A 1947 wasu likitoci biyu a Landan suka ɗauki hoton ƙashin yatsa ana jan sa, suka ce fitowar kumfan ce ke ƙara. A 1971 masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila suka ce a'a, fashewar kumfan ce. Aka tafi a haka shekara da shekaru, sai a 2015 Greg Kawchuk da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka sa yatsun mutum a cikin na'urar MRI, suka riƙa ja a hankali suna kallon cikin gaɓar kai tsaye. Suka ga kumfan na bayyana ne daidai lokacin ƙarar, kuma yana nan bayan ta. Har yau ana ɗan taɓa muhawarar, amma a kan abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya: iska ce a cikin ruwa, ba ƙashi ba ne ke karyewa ko gogar ɗan uwansa. Ga kuma alamar da za ka gane ta da kanka. In yatsa ya yi ƙas, ba zai sake yi ba sai bayan kamar minti 20, lokacin da iskar ta koma ta narke.

Ta biyu ita ce ƙarar jijiya. Wani lokaci jijiya kan hau wani ɗan tudun ƙashi in gaɓa ta motsa, sai ta zame ta koma gurbinta da 'yar ƙara, kamar ka ja tsirkiyar gurmi ka saki. An fi jin ta a kafaɗa, da ƙugu, da idon sawu. Bambancinta da ta farko shi ne ita tana maimaituwa: duk sanda ka yi wannan motsin sai ta yi, ko sau goma ne a jere. Ita ce mai yiwuwa ke damun matashin nan namu. In ba ciwo, ba rauni a hannun, ba abin tsoro ba ne, kuma sau da yawa tana raguwa in jiki ya ɗumama ko tsokar wurin ta yi ƙarfi.

Ta uku ita ce gurza, wadda ake ji kamar akwai yashi a cikin gwiwa, ƙurus-ƙurus, musamman wajen hawa bene, ko tsuguno, ko tashi daga sujada. In ka ɗora tafin hannu a kan ƙoƙon gwiwa kana lanƙwasa ta, za ka iya jin ta a hannunka. Mutane da yawa masu lafiyayyar gwiwa suna da ita, har da matasa. Amma a wajen wanda ya manyanta, tana iya zama alamar guringuntsi ya fara rasa santsinsa. Wani bincike da Dokta Grace Lo ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2017, ya bi kusan mutum 3,500 masu shekara 45 zuwa 79 da ke cikin haɗarin kamuwa da amosanin gwiwa. An ga waɗanda gwiwarsu ke yawan gurza sun fi saurin fara jin ciwo daga baya a kan waɗanda tasu ba ta yi. Ma'anar wannan ba wai a tsorata a daina motsi ba ne. Ma'anarsa, in ka haura arba'in gwiwarka kuma na gurza kullum, to jiki magayi ne, ya gaya maka lokacin rage teɓa da ƙarfafa cinya ya yi.

Jan yatsu: a daina dukan yara

Malam mai tambaya a kan ɗanka, ga labarin wani likita a Kalifoniya ta Amurka mai suna Donald Unger. Tun yana yaro manyansa ke ce masa jan yatsu na kawo amosanin gaɓɓai. Sai ya ce bari ya gwada a jikinsa. Ya riƙa jan yatsun hannunsa na hagu aƙalla sau biyu a rana, ya bar na dama. Bayan shekara 50, a 1998, ya rubuta wa wata mujallar likitoci sakamakon: hannayen biyu ba wanda ya kamu, ba kuma wani bambanci a tsakaninsu. A 2009 har kyautar Ig Nobel aka ba shi, wadda ake bai wa binciken da ke ba da dariya amma yake da darasi.

Mutum ɗaya ba ya zama hujja, gaskiya ne. Amma a 2011 wasu likitoci a Amurka sun duba hotunan ƙashin hannun mutum 215 masu shekara 50 zuwa 89, masu jan yatsu da marasa ja, ba su ga masu jan sun fi kamuwa ba. Don haka, Malam, in za ka hana yaro, hana shi don ladabi. Ba kyau a gaban manya, ba kyau a makaranta, malamai kuma sun karhanta shi a cikin salla. Amma maganar zai lalata masa hannu, babu hujja a kanta, bulalar ma ta fi jan yatsun illa.

Wuya kam daban ne. Akwai masu aski da masu tausa da ke kama kan mutum bayan sun gama, su murɗe wuya da ƙarfi ya yi ƙas, wai an sauke gajiya. Kada ka yarda. A cikin ƙashin wuya akwai hanyoyin jini da ke zuwa ƙwaƙwalwa, kuma murɗawar ƙarfi farat ɗaya na iya yi musu rauni har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wa zai sa wuyansa a caca saboda daɗin minti ɗaya? In wuyanka ya yi ƙara da kansa kana waiwaye, wannan ba komai.

Me ya sa abin ya fi yawa a wajen 'yan kasuwa?

Duba yadda ranar ɗan kasuwa take. Daga Dugoi ya hau kilando zuwa babbar kasuwar Marwa, ya shiga shago ya naɗe ƙafa a kan tabarma ko ɗan benci, daga hantsi har azahar. In tafiya ta kama, daga Marwa zuwa Garwa sama da kilomita 200 ne, zuwa Ngaundare kuwa kusan 500, gwiwa a takure tsakanin kujera da buhu. Daga nan a kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Masu bin hanyar Mubi ko Yola ko Kusuri su ma sun san yadda ake sauka daga mota ƙafa kamar ba taka ba. Gaɓar da ta yi awa huɗu ba ta motsa ba dole ta yi tsami, tsokar da ke kewaye da ita ta ɗaure, motsin farko kuma ya zo da ƙara.

Sai kishiyar zama, wato ɗaukar kaya. Mutumin da ya wuni a zaune, mota ta iso, sai ya zabura ya kinkimi buhun albasa ko dilar atamfa jiki ba ɗumi. A nan ake samun targaɗe da ciwon baya.

Na uku shi ne wanda ba mu son a faɗa: in kasuwa ta yi albarka, teɓa na biyo baya. Shayi mai sukari sau uku a rana, tsire da daddare, ƙafa kuma ba ta taka ƙasa sai daga ƙofar gida zuwa kan babur. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Wake Forest ta Amurka a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage, nauyin da ke sauka a kan gwiwarsa a kowane taku na raguwa da kusan kilo huɗu. Alhaji, kai ɗan lissafi ne: kilo biyar a jiki, ashirin ke nan a gwiwa, a kowane taku, kullum.

Hajiyoyinmu kuma ba a bar su a baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da wannan amosanin na zaizayar guringuntsi a duniya, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Matar da ke cikin gida, 'yar aiki ko 'ya'ya sun ɗauke mata daka da shara, ba ta fita sai biki ko asibiti, tana cikin waɗanda ya kamata maigida ya fi sa wa ido.

Game da sanyi kuwa, gaskiya ne a watannin Disamba da Janairu jiki ya fi tsami da safe, mai ciwon gaɓa kuma kan ce ya fi jin sa. Amma sanyi ba ya shiga cikin ƙashi ya zauna, ba kuma wankan ruwan sanyi ko shan ruwan randa ne ke cinye guringuntsi ba. Matsalar kalmar "sanyi" ita ce ta zama babban buhu, ana zuba cututtuka biyar ko shida a ciki, kowacce da maganinta daban.

Ƙarar da ke zuwa da rakiya

Ga alamomin da in ka ga ɗaya daga cikinsu, sai asibiti:

Gaɓa ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, ga zazzaɓi, mutum ba ya yarda a motsa ta. Wannan na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kuma tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki. Ba a kwana da ita, musamman ga yaro ko mai ciwon sukari.

An ji ƙara mai ƙarfi lokacin faɗuwa, ko a filin ƙwallo, ko a haɗarin babur, sai gwiwa ta kumbura nan da nan ko ta kasa ɗaukar mutum. Mai yiwuwa jijiya ce ta tsinke, ko ƙashi ya tsage.

Gwiwa na maƙalewa, ta ƙi miƙewa sai an girgiza ta, ko tana sakin mutum yana cikin tafiya.

Ciwo na tashi in an yi tafiya ko an hau bene, ya lafa in an huta, da ɗan tsami da safe da ba ya kai rabin awa. Wannan shi ne yanayin zaizayar guringuntsi, wanda likitocin Kamaru ke rubutawa arthrose a takarda. Ba gaggawa ba ne, amma gara a gani da wuri.

Yatsun hannu biyu da wuyan hannu sun kumbura, suna sandarewa da safe sama da awa ɗaya, makonni suna tafiya. Wannan wani amosanin ne daban, wanda garkuwar jiki ke faɗa da gaɓoɓi. Ya fi kama mata, kuma yana da magani na musamman da ke hana yatsu karkacewa in an fara da wuri.

Babban yatsan ƙafa ya tashi mutum cikin dare da azaba, ya yi ja, ko zane ba ya so ya taɓa shi. A Faransanci goutte ake ce masa. Yawan cin jan nama da kayan ciki da lemon kwalba na tayar da shi.

Mai amosanin jini, wato sikila, da ya fara jin ciwo a ƙugu ko matsematsi, ko ya fara ɗingishi. Kan ƙashin cinya na iya mutuwa saboda ƙarancin jini, kuma gano shi da wuri na da amfani ƙwarai.

Ciwon baya ko na gaɓa da ya daɗe, tare da rama, da zufar dare, ko tari. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana kama ƙashin baya.

Na Marwa suna da babban asibitin yanki, da kuma asibitin Meskin a bayan gari. Na Garwa su ma suna da babban asibitinsu na yanki. In Faransancinka ko Fillancinka bai nuna ba, tafi da wanda zai yi maka tafinta, ka kuma tafi da duk kwalayen maganin da kake sha, har da na gargajiya. Hoton ƙashi a can radio suke ce masa, likitan gashin ƙashi kuma kiné. Kada ka yi mamaki in likita ya duba ka ya ce ba ka bukatar hoto. Sau da yawa tambaya da taɓawa sun isa.

Inda haɗarin gaske yake

'Yan uwa, ƙarar gwiwa ba ta kashe kowa, amma maganin da ake sha dominta na iya yi. Ga mai tallan magani a bakin tasha, ya ƙulla maka ƙwayoyi huɗu ko biyar kala-kala a leda, ya ce na sanyin ƙashi ne. Ka sha ka ji garau, gobe ka koma. Me ke cikin ledar?

Sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen. Magunguna ne na gaske, suna da amfani in likita ya rubuta na 'yan kwanaki. Amma shan su kullum, wata da watanni, na kawo gyambon ciki har da aman jini, yana hawar da jini, yana kuma taɓa ƙoda. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu hawan jini ko ciwon sukari, da wanda jikinsa ba ruwa. Ku tuna zafin Marwa da Garwa a Maris da Afrilu, inda ake haura digiri 40. Mutum ya wuni yana zufa, ko yana azumi, sannan ya kora diklofenak biyu ciki ba komai, ai ƙoda ce ke biyan bashin.

Akwai deksametazon da danginsa. Shi ne mai sa mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa, ya ci abinci, kumatu su ciko, har a ce ya murmure. Daga baya sai ciwon sukari, da hawan jini, da ƙashi mai saurin karyewa, wani lokaci har da mutuwar kan ƙashin cinya. Wato maganin da ka sha don ƙashi shi ne ke cin ƙashin. Wanda ya daɗe yana shan sa kuma kada ya daina farat ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ya je likita ya rage masa a hankali.

Sai tiramol, wanda ba sai na yi wa mutanen arewacin Kamaru bayaninsa ba, kowa ya ga abin da ya yi wa matasa. Na asibiti kan zo da miligiram 50, na bakin titi kuwa har mai 200 da 225 ake samu. Yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma kawo farfaɗiya. Da yawa daga masu shan sa da ciwon jiki suka fara.

A guji kuma barin wanda ba likita ba ya yi wa gaɓa allura, ko a tsaga ta a shafa magani. Jakar gaɓa rufaffiya ce, in aka buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa, an sayar da kare ke nan an sayi biri. Ga asarar kuɗi: jaka biyu yau, jaka uku jibi, in ka tara na shekara sai ka ga ya fi kuɗin ganin likita nesa ba kusa ba.

Abin da za a yi a gida da shago

Kada a wuce awa ɗaya a zaune ba a miƙe ba. Tashi ka gyara kaya, ka leƙa maƙwabci, ka je ɗebo ruwan alwala da kanka maimakon aiken yaro. A kan hanya, duk inda mota ta tsaya ka sauka ka taka. In ba halin sauka, riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa kana zaune.

A ƙarfafa cinya, don ita ce mai gadin gwiwa. Zauna a kujera, miƙe ƙafa ɗaya sak, ƙirga biyar, sauke a hankali. Sau goma kowace ƙafa. Sannan ka tashi daga kujerar ka koma ba tare da dafa komai ba, sau goma. Sannan ka dafa bango ka ɗaga dugaduganka ka sauke, sau goma. Safe da yamma. Ba ya cin minti goma, ba ya cin ko dala, kuma Hajiya da Inna za su iya yin sa a tsakar gida. Sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, sannu ba ta hana zuwa.

A taka da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga baligi, wato rabin awa sau biyar. Ka sauka daga kilando tun kafin ka isa, ka ƙarasa da ƙafa. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi, saboda rana. Maigida ya nemo wa iyalinsa hanyar da su ma za su riƙa takawa, ko da zagaye tsakar gida ne, ko zuwa gaida 'yan uwa a ƙafa.

Mai motsa jiki ya fara da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma, tafiya da sassarfa da juya kafaɗu, kafin gudu ko ɗaga ƙarfe. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. In ƙara ce kawai, ci gaba. In ɗan tsami ne da ya wuce kafin gobe, ba laifi. In kuwa ciwo ne mai suka, ko kumburi, ko ciwon ya kwana ya wuni, to a rage, in ya ƙi a ga likita.

Wajen ɗaukar kaya, durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kayan a manne da jiki, kada a juya ƙugu da kaya a hannu. Buhun da ya fi ƙarfinka, kuɗin ɗan dako ko mai kura ya fi kuɗin asibiti sauƙi.

Ga 'yar uwarmu mai tambaya a kan surukarta: in Inna ba ta jin ciwo, gwiwar ba ta kumbura, ba ta kuma sakin ta, ki kwantar mata da hankali cewa ƙarar ba karyewa ba ce, ruku'u da sujada ba za su fasa mata gwiwa ba. A shimfiɗa mata darduma mai kauri, ta riƙa dafa ƙasa in za ta tashi. In an bar ta a kujera saboda tsoro kawai, cinyarta za ta yi laushi, nan da shekara ɗaya tashin da take iyawa yau sai ya gagare ta. In kuwa akwai ciwo, a kai ta a duba, hukuncin salla a zaune kuma malamai sun yi bayaninsa. A masai na tsuguno, a kafa mata ƙarfe ko igiya mai ƙwari a bango da za ta riƙa kamawa.

Alhaji mai atamfa, taka ƙarar ta dogon zama ce, gaya wa yaron shago ya adana sannunsa. Amma ka hau sikeli a wannan makon, ka kuma sa a auna maka jini da sukari in ka kwana biyu ba ka yi ba.

A nan za mu dakata. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba ciwon baya na masu doguwar tafiya a mota, da yadda ake gane wanda hutu ke warkarwa da wanda sai an je asibiti. Masu tambaya su ci gaba da aiko mana, a faɗi shekaru, da tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da magungunan da ake sha. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a nema, ya kai matafiya gida lafiya.